Layun Iya a Damagaram

Ba zan taɓa mantawa da zuwanmu Damagaram ba, ko da na so in manta Sale ɗan Gagarawa, ɗan ajinmu, ba zai bari ba, don har yau in muka haɗu a kasuwar Maigatari sai ya leƙa ƙafar wandona. Tun da wuri gara in faɗa muku, wawan labarin nan ni ne, kada ku wahala kuna nema.

Lokacin ba a daɗe da daina fam an koma naira ba. Ina aji bakwai a Gumel, ni ne babba a ajin, har gemu ya fara leƙowa. (Nan ma karatun nawa ya tsaya. Ilimin ne ya yi mini yawa, aka ce in rage wa na baya.) Malam Habu mai koya mana tarihi ya shirya a kai mu ƙetare mu ga tsohon birnin Damagaram da duwatsunsa da masallacinsa da kaburburan malamai. Ni aka naɗa shugaban tafiya, saboda makon da ya wuce na yi nasara a muhawara, inda na bugi tebur na ce laya camfi ce, ɗan zamani ba ya ɗaura ta.

Da kakata Iya ta ji inda za mu, sai ta ajiye maburgi. Ita a wurinta yaƙin Gumel da Damagaram na zamanin kakanni jiya aka tashi daga shi.

"Damagaram? Mutanen nan sawu suke ɗiba," in ji ta. "Kana takawa su kwashe ƙasar, su yi maka kurciya, ka bi duniya, ba kai ba gida har abada."

Na ce, "Iya, an waye fa yanzu."

Ta ce, "Ɗaga rigarka, ɗan nema."

Layu bakwai ta jera a tsohon zare ta ɗaure mini a ƙugu, ƙarƙashin wando. Na yi dariya a gabanta, amma ban cire ba. Ai ɗan zamani ma yana son ya dawo gida.

Muka hau babbar mota muka ƙetare ta Maigatari. Tun daga bakin iyaka na fara zargin kowa. Jandarma ya dubi takardarmu, na ce ƙafata yake kallo. Wata mata ta miƙo mana ruwa, na ce na ƙoshi, alhali maƙogwarona kamar an zuba toka. Da muka sauka na ƙirƙiro wata tafiya ta jan ƙafa, ina taku ina shafe sawu. Sale ya ce, "Shugaba, kaciya aka sake maka ne?" Na ce tsarin tafiyar sojoji ne, shi ba zai gane ba.

Aka haɗa mu da 'yan lakwal, wato ɗaliban can, maza da mata, su yi mana rakiya. Muka hau duwatsu, ni a gaba don 'yan matan su san wane ne shugaba. A wani tsalle na ji abu ya ce tas a ƙuguna, ban kula ba.

Muna saukowa muka nufi tsohon masallaci, sai na lura da wani dattijo mai farin gemu yana biye da mu. Ba da mu yake ba, da ni yake. Na waiwaya na gan shi ya sunkuya daidai inda na taka, ya ɗauki wani abu, ya hure, ya jefa a aljihu. Na ƙara sauri, ya ƙara. Na sake waiwayawa, ya sake sunkuyawa! Ana cikin haka na ji wani abu yana bin cinyata yana gangarawa ƙasa. Na ce shi ke nan, asiri ya fara ci, ƙarfina ne ke zurarewa ta ƙafa. Na tuna tuwon Iya, na tuna ban yi sallama da akuyata ba.

A ƙofar masallaci Malam Habu ya ce kowa ya cire takalmi. Ga yashi lallausa, ga ƙafata tsirara, ga dattijo ya iso yana sunkuyawa karo na biyar. Sai na juya na daka tsawa:

"Baba, na gan ka! Mayar mini da sawuna!"

Malam Habu ya ce, "Kai, lafiyarka? Ladanin masallacin nan ne fa."

Na ce, "Ko limami ne, Malam, a caje aljihunsa! Tun daga dutse yake kwasar sawuna, so yake ya raba ni da Gumel!"

Dattijo ya sa hannu a aljihu, ya shiga zaro layu ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a tafin hannu, har biyar, da jan ɗinkin Iya a jikinsu. Ya ce, "Da sunan Allah a ciki, ba a bari a ƙasa a taka. Na so in ba ka a keɓe, ka ƙi tsayawa."

Da na yi shiru a nan, da da sauƙi. Amma sai na gyara murya na ce, "Ba nawa ba ne. Ni ɗan zamani ne." Na buga ƙafa don maganar ta zauna. Sai ta shida ta faɗo daga ƙafar wandona, tim, a gaban kowa. Ta bakwai ta biyo ta a hankali, da zaren.

Sale ya kwanta a yashi yana riƙe ciki yana cewa, "Camfi ya zubo! Jama'a ku tare camfi!" 'Yan matan lakwal suka rufe baki da littafi. Malam Habu ya juya yana kallon bango kamar akwai tarihi a rubuce a jiki.

Abin da na koya ranar ya fi na shekara bakwai ɗin: in ka ga mutum yana bin bayanka yana sunkuyawa, fara laluba ƙugunka kafin ka laluba aljihunsa. Sai dai a lokacin ban gama koya ba. Na karɓi layuna ina gunaguni, na ce, "To ai ba laifina ba ne, an ce ku Damagarawa kuna riƙe mutum ya kasa komawa gida."

Ladan ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce:

"Ɗana, kwantar da hankalinka. In muka riƙe irinka a nan, Gumel muka yi wa gata. Mu kuwa shirinmu da su bai kai nan ba tukuna."