Sharar da Na Wanke da Sabulu

Da na fara haɗa taki a bayan gidanmu na Agege, Iya mai gida ta ce ranar da ta ji wari, in nemi wani ɗakin. Hankalina ya tashi, sai na fito da dabara. Kowane ɓawon doya sai na wanke shi da sabulu, in barbaɗa gishiri, in shanya, kafin in zuba a durom. Har maƙwabta nake koya wa.

Bayan wata huɗu na buɗe durom. Babu wari, babu taki. Ɓawon nan ya fi ni lafiya.

Ɗakina dai na tsira da shi. Amma har yau Iya takan miƙo mini bokitin shararta ta ce, "Malam, a wanke a goge, gobe zan karɓa."