Ranar da Ƙwayoyin Fujer Suka Hau Hannun Sufeto

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko na so, shi ne darasin da na bayar gaban sufeto a wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauye kusa da Tajaye, farkon shekarun saba'in. Darasin nan shi zai sa a tabbatar da ni malami, Mushe kamar yadda ake ce mana daga Faransanci, a mai da ni Birnin Konni. Ni kuwa na ƙosa da ƙauyen, ina ganin na fi ƙarfinsa.

Abokin aikina ya ce in koyar da gero, abin da kowane yaro ya sani. Na yi masa kallon banza. Gero? Ni da na yi karatu a birni? Na zaɓi wani tsiro da littafin Faransanci ke kira fujer, siriri kamar ciyawa, mai fitowa a inuwar duwatsu bakin ƙorama. (Ƙoramarmu fa rairayi ce zalla in ban da damina, kuma ban taɓa ganin fujer ba sai a zane.) Littafin ya ce alamarsa ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a bayan ganye, su ne irinsa.

Na bi gindin tsauni ina leƙa ƙarƙashin duwatsu kamar mai neman kunama, har na sami wata 'yar ciyawa da ɗigon a bayanta. Na tuge ta, na dasa a gwangwanin tumatir, ina ta yaba wa kaina.

Sufeto ya zo da farar riga mai guga, ya zauna a baya. Na buɗe baki na zuba Faransanci. Na ce wa yara iyayensu sun tsufa suna taka wannan tsiro ba su san shi ba. Sannan na tsinko ganye, na kai wa sufeto da hannu biyu don ya ga ƙwayoyin irin da idonsa.

Ya juya ganyen. Sai na ga ɗigo-ɗigon nan sun fara motsi. Suka bi yatsansa a jere, suka hau hannun farar rigar. Ƙwari ne, irin masu manne wa dawa. Ciyawar kuma ciyawa ce, hakin da awaki ke ci.

Bai yi mini Faransanci ba. Da Hausa ya yi magana, Hausar da nake dukan yara in sun yi ta a aji.

"Mushe, ɗiyan hakin naka sun kama tahiya. Ina za su?"

Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Konni dai ban gan ta ba sai bayan wasu damuna, abokina mai gero ya riga ni.

Tun daga ranar, duk abin da zan miƙa wa babba don in burge shi, sai na karkaɗe shi tukuna.