Ranar da Majalisa Ta Gayyato Gara

A Dajin Rimi Bakwai kowa ya san matsayinsa, wanda ya manta kuwa akan tuna masa. Giwa ke mulki, Kura ke riƙe da kasuwa, sauran dabbobi kuma suna biyan abin da aka ce su biya. Abu ɗaya ya haɗa babba da ƙarami, shi ne wasan gora.

Yin goran aikin kurege ne. Yakan shiga cikin babban gora da kansa, ya sassaƙa hanyoyi da haƙoransa, wata ta ɓulle, wata ta mutu. Mai wasa sai ya jefa ƙwallon magarya ta baki, ya yi ta juyawa yana saurare har ƙwallon ya fito ta ƙasa. Wanda ya ci wasan yakan bar shaidar haƙorinsa a wuyan goran. Goran farko da gwani ya sassaƙa shi ake kira uwa. Kura ke ajiye uwa a rumbunta, ɓerayenta su kwaikaya a goruna ɗaruruwa. Duk sabon goran da aka sayar a kan gyaɗa goma, tara na Kura ne, ɗaya na mai sassaƙa. Haka aka taras, kuma Kura na yawan cewa abin da aka taras ba a taɓa shi.

Cindo tsohon kurege ne, gwanin gwanaye. Shekara uku ya yi a cikin goransa na ƙarshe, ya fito da sauran haƙora biyu, su ma suna rawa. Ya san ba zai sake yin wani ba. Wannan gyaɗa ɗaya-ɗaya ita ce abincin tsufansa, ba shi da wani.

Watan farko ciniki ya yi kyau. Daga nan sai ya yi sanyi, alhali duk inuwar da Cindo ya wuce sai ya ji ƙarar ƙwallo a goransa. Bai sha wahalar gano dalili ba. A bakin kasuwa akwai wata gafiya, Tabawa, mai sayen gora a hannun wanda ya gama wasa a kan gyaɗa uku, ta sayar biyar. Wata rana ya ɗauki ɗaya a shimfiɗarta, ya ƙirga shaidar haƙori arba'in da ɗaya a wuyansa. Dabba arba'in da ɗaya sun ji daɗin aikinsa, shi kuwa gyaɗa ɗaya ya gani. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya kasa amsa gaisuwarta.

Kura ta ji labari, don ba abin da ke wuce kunnenta in dai ya shafi tara ɗinta. Ta je har ramin Cindo, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kira shi Gwani, ta yi ta jajanta masa. Ta ce gobe majalisa za ta zauna, kuma kuka ya fi daɗin ji in ya fito daga bakin mai shi.

Da hantsi aka taru ƙarƙashin babban rimi. Kura ta fara tashi.

"Ranki ya daɗe," in ji ta, "ban zo don kaina ba, ni Allah ya rufa min asiri. Na zo ne don waɗannan bayin Allah da ke ƙarar da haƙoransu dominmu. Duk goran da ya sauya hannu, loma ce aka cire daga bakin mai sassaƙa. In suka mutu da yunwa, wa zai yi wa jikokinmu wasa?"

Aka kira Cindo. Bai iya dogon jawabi ba. Ya buɗe baki ya nuna wa majalisa abin da ya rage a ciki, ya faɗi lissafin arba'in da ɗaya, ya zauna. Har Giwa ta buɗe ido.

Tabawa ta nemi izini. Ta ce abin da dabba ta saya da guminta nata ne, ko ta ajiye ko ta sayar. Ta ce yawancin masu kawo mata tsohon gora, daga wurinta suke miƙewa rumfar Kura su cika gyaɗa bakwai su sayi sabo. Sannan ta juyo ta dubi Cindo.

"Baba Cindo, na ga bakinka, kuma wallahi na ji tausayi. Amma ni biyu nake ci a gora, wata tana cin tara. Me ya sa biyu ce kaɗai ta tsone maka ido?"

Cindo ya ji maganar ta shige shi, amma kafin ya juya ta a ransa Kura ta ce ba batun tara aka zo yi ba, kuma majalisa ba wurin cin mutunci ba ce. Ta yi ishara, ɓeraye suka shigo da wani ɗan tulu. A ciki akwai gara.

Shawarar Kura mai sauƙi ce. A kowane sabon gora za a saka gara guda. Kafin mai shi ya gama wasa, ta gama cin hanyoyin, babu sauran abin sayarwa. Tsofaffin goruna kuwa a tattara su a ƙone, don kada su ci gaba da cutar masu sassaƙa. Giwa ta tambaya ko garar za ta san iyakarta. Kura ta ce an yi magana da shugabanninta, sun ba da tabbaci. Giwa ta tambayi Cindo ko ya yarda, tunda kukansa ne. Ya tuna da ramin da babu ko ɓawon gyaɗa a ciki, ya ce ya yarda.

Kwana uku hayaƙi na tashi a bakin kasuwa.

Abin da ya biyo baya bai zo da hayaniya ba. Da farko Kura ta sanar cewa kiwon gara na cin dukiya, kuma tunda don masu sassaƙa aka yi dokar, daga rabonsu za a cire: gyaɗa ɗaya ta koma rabi. Sai kuma masu saye suka ja baya. Zomon da a da yake sayar da tsoho ya cika ya sayi sabo, yanzu sai ya tara goma cif don abin da zai zama gari kafin kaka. Inuwoyi suka yi shiru. Cindo yakan bi ta ƙarƙashin bishiyoyi yana kasa kunne, ba ya jin komai sai iska. Tsoro ya fara kama shi, irin wanda yunwa ba ta taɓa sa masa ba.

Da damina ta faɗi, gara ta yi abin da gara ke yi. Ta hayayyafa, ta fita daga tulu, ta bi bangon rumbun Kura. Ranar da aka buɗe don ɗauko uwar goran Cindo, ɓera na taɓa ta ta rushe.

Kura ta kira Cindo, wannan karon shi ya je. Ta ce abin bai yi daɗi ba, amma da sauƙi: ya kawo kwafi ɗaya mai lafiya a kwaikaya, ko ya sassaƙa wata uwar. In babu ko ɗaya, to, ya san ba a biyan rabo a kan abin da babu. Ba ta kira shi Gwani ba.

Ya bi daji gida-gida. Duk goran da aka miƙo masa, in ya girgiza sai gari ya zubo. A ƙarshe ƙafarsa ta kai shi inda ba ya so. Ya sami Tabawa a bakin raminta, yanzu busasshiyar kuka take sayarwa. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya iya tambaya ko ta ɓoye ko guda ɗaya.

"Baba, da na ɓoye da na ba ka," in ji ta. "A gabanka aka ƙone su."

Ta shiga ciki ta fito da wani abu baƙi. Wuyan gora ne, shi kaɗai ta iya jawowa daga wuta. Cindo ya shafa shi da yatsa, ya bi shaidar haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Arba'in da ɗaya.

A zaman majalisa na gaba, Kura ta ba da rahoto cewa dokar ta yi nasara, domin babu sauran tsohon gora ko ɗaya da ake sayarwa a faɗin dajin. Aka yi mata godiya. Aka kuma amince a ba gara kujera, tunda yanzu tana da yawan da ba za a raina ba. Cindo na can baya, ya jingina da rimin, wuyan goran na hannunsa. Ba wanda ya nemi jin ta bakinsa. Kunnensa na gwani, wanda ya saba bin ƙwallo a cikin duhun gora, ya jiyo wani ɗan sauti irin na cin gara a cikin itacen, ƙasa-ƙasa, ba tsayawa.

Ya ɗaga kai ya dubi rassan da suka rufe majalisar gaba ɗaya. Sannan ya ja jiki a hankali, ya koma rana.