Kaka Argiro da Makirufo Mai Wuyan Zalɓe

"Lafiya lau na kwana, tun da ban yi mafarkinka ba," in ji Kaka Argiro, tana saukowa daga motar ƙauye a tashar Kalamata. Jikanta Lefteris ya miƙa mata hannu, ta buge shi da jaka.

"Ni kuwa na yi naki, tsohuwa. Na ga kin hau mumbari, haƙoranki sun riga ki sauka."

"Nawa ko a kofi suka kwana sun fi gashin bakinka kwarjini."

Gobe Lahadi, bayan an tashi daga coci, za a buɗe sabon injin matsar man zaitun na ƙauyensu, kuma ƙungiyar manoma ta ce Argiro ce za ta yi jawabi, don ta girmi kowa. Sai dai bakin nan da ya daɗe yana gigita magajin gari, kaifinsa na nan amma muryar ta tsufa, ba ta wuce sahu na biyu. Ita kuwa ta rantse har masu tsayuwa a bakin ƙofa sai sun ji ta. Aka ɗora wa Lefteris sayo makirufo. Ta ce ba a yi wa mutum aski ba ya nan, ta biyo shi.

Tasos mai shago ya jera musu guda uku, ya shiga bayani: wannan gabansa kawai yake ji, wancan ko'ina yake ji, ɗayan kuma ba ya motsi sai an tura masa wuta ta cikin wayarsa. Argiro ba ta gane komai ba. Ta saci kallon jikanta, ta ga yana gyaɗa kai kamar jakin da ƙuda ya dama, hankalinta ya kwanta, ashe su biyu ne.

Aka fara da na hannu. Ta ce "Jama'ar ƙauyenmu," hannun ya tafi sama. Ta ambaci kakanni, ya nufi ƙofa. Ta zo kan 'yan kasuwar da ke karya farashin mai, ya kusa tsone wa Tasos ido. Lasifika ba ta samu komai ba sai guntaye. Lefteris ya ce sai dai a ɗaure mata hannu, ta ce kakansa ma ya gwada, yana can kwance bayan coci.

Na biyu ɗan mitsitsi ne, ana maƙala shi a wuyan riga. Tasos ya yabe shi, ya ce ko raɗa ta yi zai ɗauka. Kafin ya rufe baki ta ɓalle abin ta ajiye.

"Kusa da matar magajin gari za a zaunar da ni," ta ce. "So kuke a kai ni kotu?"

Saura mai dogon wuya, irin wanda ake kafawa a kan teburin jawabi. Ta ce wannan ai zalɓe ne. Tasos ya lanƙwaso wuyan daidai bakinta, ta gyara baƙin ɗankwalinta, ta fara. Muryarta ta cika shagon tas, har ita kanta ta waiga don ta ga wace ce. Daɗi ya kama ta, ta ce injin nan babu irinsa daga nan har bakin teku.

Sai lasifika ta buga kamar an harba bindiga sau uku. Kofin Tasos ya kife a kan wandonsa. Karen da ke kwance a ƙofa ya tashi ya bar unguwar.

Tasos ya ce waya ce, ya canza waya. Lefteris ya ƙirga ɗaya, biyu, lafiya lau. Kaka ta dawo, ta yabi man bana, bindiga ta sake tashi. Aka canza lasifika. Aka ɗauko wani zalɓen daga kwali. Argiro ta fara zargin cewa abin ya tsane ta ne, Lefteris ya ce ba laifinsa ba ne, ƙarfe ma yana da ido. Tasos dai ya shige ƙarƙashin tebur yana magana shi kaɗai.

A gwaji na gaba Lefteris ya bar kallon wayoyi ya kalli bakinta. Tana gama yabo, ta tofa: tuf, tuf, tuf.

"Kaka, ke ce bindigar."

"Ni? Me na yi?"

"Tofin nan."

"Wane tofi?" Da gaske take tambaya. Tun tana yarinya ba ta taɓa yabon abu ba ta tofa don kare shi daga kambun baka ba, har ta daina sanin tana yi.

Ya ce ta bar shi na gobe kawai. Ta dube shi kamar ya ce ta je coci ba ɗankwali. A yabi sabon inji a gaban ƙauye guda, kowa ya zuba masa ido, a bar shi tsirara? Ta tuna masa akuyar maƙwabcinsu da wani baƙo ya yaba ba tofi, washegari nononta ya ƙafe. Rigakafi ya fi magani.

"To ki kau da kai gefe."

"A dama limamin coci ne. Hagu magajin gari." Ta waiga hagu. "Hagu ba laifi."

"To kar ki yabi injin."

"In zage shi? Da kuɗinmu?"

Nan fuskarta ta sauya. Idan ta tofa, ta kori taro, a yi ta dariyarta har ta mutu. Idan ba ta tofa ba, duk ƙusar da ta kwance a injin nan ita za a nuna. A hankali ta ce wataƙila a ba wani jawabin. Lefteris bai saba jin ta haka ba.

Tasos ne ya fito daga ƙarƙashin tebur, ya ce ai da an faɗa masa tun farko. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wata 'yar hular soso, ya sa wa zalɓen a kai, ya ɗan ja shi baya. Argiro ta ce yanzu ya yi kama da limaminsu. Tasos ya ce ta yabi wani abu a gani.

Ta duba shagon, ba abin yabo. Idonta ya sauka kan jikanta.

"Wannan yaron," ta ce, "duk da kansa kamar kabewa, bai taɓa barina na ɗauki buhun zaitun ba." Tuf, tuf, tuf. Lasifika ta fitar da shi a hankali, kamar ɗigon ruwa a kan rufi.

"Maimaita, Kaka, na baya ba su ji ba."

"Gwaji ne, ɗan nema."

"In gwaji ne, me ya kawo tofi?"

Sai dariya ta ƙwace mata, ta lalubo busasshen ɓaure daga jaka ta cusa masa a baki.

"Tauna ka yi shiru. Tasos, naɗe mana zalɓen, da hularsa."