Yadda Ake Zama Babban Likita Daga Cikin Sito

Ɗan'uwa, idan ka gaji da zama mutumin da ba a neman shawararsa ko a kan sayen guga, ka zo inda ya dace. Ka bi matakan nan guda bakwai, na yi maka alkawari kafin wata biyu maganarka za ta shiga gidajen da ƙafarka ba ta taɓa takawa ba, kuma za a bi ta ba musu. Ba sai ka yi karatu ba. Ni da nake maka bayanin nan mai kula da sito ne a wani asibiti, shekarata goma sha ɗaya tsakanin kwalayen safar hannu da zannuwan gado da bokitan goge-goge. Ko lemo ban taɓa tsira wa allura ba. Amma daga kan kujerata na hana mutane da dama shan maganinsu, har da wadda ta haife ni. Saboda haka ka san da gwani kake magana.

Mataki na ɗaya: Zaɓi saƙo mai albarka

Ba kowane imel ne ke kai mutum ga ɗaukaka ba. Nemi wanda aka rubuta kansa da manyan haruffa, wanda ya fara da GAGGAWA ya ƙare da “tura wa mutum ashirin idan kana ƙaunar iyalinka”. Idan a tsakiya akwai “ba sa so ka sani”, to ka dace. Kada ka tambayi su waye ba sa so. Su ma ba sa so ka sani.

Duba kwanan wata. Idan akwai, jefar da saƙon, zai tsufa. Wanda kake nema shi ne mai cewa “kwanan nan”. Madara tana lalacewa, burodi yana funfuna, amma “kwanan nan” sai ya shekara goma yana sabo.

Nawa daga wurin Kawu ya zo, ƙanin Mama, tsohon hedimasta. Tun da ya yi ritaya ’ya’yansa suka saya masa kwamfuta don ya rage yawo, sai ya koma yawo a zaune. Saƙon ya ce akwai wata ’yar ƙaramar farar ƙwaya ta hawan jini, mai tsaga a tsakiya, wadda masana suka gano tana narkar da ƙoda cikin kwana arba’in. Wai wata mata a wata ƙasa ta sha. Ba a faɗi sunan matar ba, ba a faɗi ƙasar ba, don haka ba wanda zai ƙaryata.

Mataki na biyu: Tura kafin hankalinka ya iso

Kada ka karanta har ƙasa. Layi uku sun isa. Da zarar gabanka ya faɗi, zaɓi duk sunayen da ke cikin akwatinka ka danna. Ni mutum ɗari da arba’in na tura wa, har da mai kawo mana tsintsiya, har da Kawun da ya turo mini.

Ga sirrin, ka riƙe shi da kyau: da imel ɗin ofis za ka tura. Namu, ko gaisuwa ka rubuta, da kansa yake liƙa sunanka a ƙasa, da sashenka, da sunan asibiti, da lambar wayar da ke kan teburinka. Kai ba ka ce asibiti ya faɗa ba. Ka dai bar sunan asibiti ya tsaya kusa da maganar, sauran aikin mutane za su ƙarasa maka.

Mataki na uku: Guji masu bincike

Kowace ma’aikata tana da irinsu. Tamu ita ce mai ba da magunguna, wadda muke kira Sai-Na-Gani. Ko ce mata ka yi ana ruwa a waje sai ta leƙa taga. Ban fi minti goma da turawa ba sai ga ta a ƙofar sito, ta zo karɓar auduga, fuskarta ba ta auduga ba ce.

“Malam, saƙon nan naka, wa ya faɗa?”

Na ce, “Masana.”

“Waɗanne? Iyayensu ba su sa musu suna ba?”

“Ai a rubuce yake, Malama.”

“Ni ma na iya rubutu. Matsa in gani.”

Ka lura da abin da ta yi, don ka san abin da za ka kiyaye. Ta kwafi jimlar farko ta saƙon, ta zuba a wurin bincike na intanet. Kafin in gama gyara zama ta nuna mini saƙon nan, kalma da kalma, yana yawo tun shekara tara da suka wuce, sai dai a lokacin maganin ciwon kai ake zargi. Ta shiga shafin hukumar da ke kula da magunguna, inda ake sa sanarwa idan an janye wani magani. Babu ko alamar farar ƙwayarmu. Hoton ƙodar da ke cikin saƙon ma ba ta ƙyale shi ba, ta bi sawunsa har ta same shi a wani littafin ɗalibai. Duka-duka minti huɗu. Kana ganin irin ɓarnar da mutum ɗaya zai yi wa aikin alheri cikin minti huɗu.

Ta ce, “Yanzu sai ka rubuta wa duk wanda ka tura wa, ka ce ba gaskiya ba ne. Akwai masu shan maganin nan.”

Na ce, “To.”

Koyi wannan “to” ɗin. Faɗe ta da ladabi, ka miƙa auduga, ka koma kujerarka. Mutum ɗari da arba’in sun fara ganinka da mutunci, uku har sun rubuto “Allah ya saka da alheri”, yanzu kuma ka koma ka ce musu ƙarya ka yaɗa? Kwantar da hankalinka da wannan hikimar: idan gaskiya ne ka ceci rai, idan ƙarya ne ba a yi asarar komai ba. Na daɗe ina faɗin haka, kuma yana da daɗin faɗa.

Mataki na huɗu: Bar saƙo ya girma da kansa

A nan ba ka da aiki. Saƙo kamar ƙullun burodi yake, kai dai ajiye shi wuri mai ɗumi.

Kawu ya buɗe akwatinsa ya ga saƙon da ya aiko ya dawo da sunan asibiti a ƙasa. Tsohon hedimasta ba ya ganin rubutu ya bar shi yadda yake, hannunsa ƙaiƙayi yake. Ya sa masa kai: ASIBITI YA TABBATAR. Ya tura wa ƙungiyar tsofaffin malamai. A can wani ya ga “Sashen Sito” bai dace da maganar ƙoda ba, ya goge. Wani ya cire sunana don ya kare ni daga waɗanda ba sa so a sani, Allah ya saka masa. Wani ya ga magana ba mai ita, ya rubuta “in ji wani likita”. Na gaba ya ga likita kawai ya yi kaɗan, ya ƙara “babba”. Na bayansa ya ba ni shekara talatin ina aiki. Abu ɗaya ne ba wanda ya taɓa, lambar waya, don ba wanda ya kai can ƙasa da karatu.

Bayan mako uku saƙon ya dawo wurin Kawu, Kawu ya turo mini. Bai gane shi ba. Ni ma ban gane shi ba.

Mataki na biyar: Kafa hujja da kanka

Wannan shi ne matakin ƙwararru. Na karanta layi uku, na ga babban likita mai shekara talatin ya tabbatar da abin da na faɗa tun farko, daɗi ya kama ni har na miƙe tsaye. Na buga shi a takarda na kai teburin Sai-Na-Gani. Tana hutun shekara, sai na danne shi da kwalbar maganin tari don ya zama abin da za ta fara gani. Sannan na sake turawa ga mutum ɗari da arba’in.

A kwanakin ne wayar sito ta fara ƙara ba ji ba gani. Wata tsohuwa ta ce a ba ta babban likita, ta daina shan maganin kwana shida, kanta yana sara, me za ta sha a madadinsa? Na ce, “Baba, nan sito ne,” na ajiye. Wani mutum ya kira yana godiya a madadin mahaifinsa. Shi ma na ce nan sito ne. Har ƙarar masu haɗa waya na kai, na ce layinsu ya rikice. Idan haka ta same ka, kada ka tsaya tambayar inda suka samu lambar. Kana da kwalaye da za ka jera.

Kuma kada ka buɗe kwalin maganin mahaifiyarka. Duk farkon wata ni nake karɓo wa Mama nata a tagar Sai-Na-Gani, in kai mata har ɗaki, ta sa mini albarka, in sha shayi in tafi. Shekara huɗu ban taɓa duba kalar ƙwayar ba. Ban kuma san Kawu ya buga saƙon babban likita ya je ya karanta mata da tabaransa a kan hanci ba.

Mataki na shida: Yi rantsuwa a gaban shaidu

Wata safiya ina kwance ɗaurin zannuwa maƙwabciyar Mama ta kira. Ta same ta a ƙasa a kicin, butar shayi na ta tafasa, bakinta ya karkace. Asibitinmu aka kawo ta. Ta gaban ƙofar sitona aka turo gadon.

Likitan da ya karɓe ta, na gaske, ya auna jininta ya dube ni. “Tana shan maganinta?”

Na ce, “Wallahi da hannuna nake kai mata.”

Ina rufe baki Kawu ya shigo da gwangwanin madara a hammata. Ya buɗe shi a kan tebur. Fararen ƙwayoyi ne ƙanana, kowace da tsaga a tsakiya, na sati biyar cif.

Ya ce, “Likita, a gode wa Allah mun raba ta da wannan da wuri. Da tana sha da abin ya fi haka.” Ya zaro takarda daga aljihu. “Ga shi, wani babbanku ne ya faɗa.”

Sai-Na-Gani ta dawo daga hutu a ranar, tana tsaye a bakin labule. Ta karɓi takardar, ta yi abin da mutum ɗaya cikin dubu bai yi ba, ta karanta har ƙasa. Ta ciro wayarta ta fara danna lambar. Ba ta kai ƙarshe ba wayar ta fito mata da sunan da ta ajiye ta da shi. Ba ta nuna wa Kawu ba, ba ta nuna wa likita ba. Ni kaɗai ta juyo wa fuskar wayar. An rubuta: Sito.

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba.

Mataki na bakwai: Karɓi yabonka

Mama ta yi kwana tara a kwance. Magana ta dawo mata a hankali, hannun hagu bai dawo ba. Ran da ta fara haɗa jimla ina ba ta shayi da cokali, na kasa daurewa.

Na ce, “Mama, me ya sa ba ki tambaye ni ba? Ni fa a asibiti nake aiki.”

Ta yi dariya da rabin bakin da ke motsi. “Kai Auta, a sito kake. Kawunka ya ce kai ma ka turo masa tun farko, ban ko kula ba, na ci gaba da shan abina. Ni na haife ka, na san ka da ɗaukar magana. Amma da babban likita ya faɗa, wace ce ni?”

Ta haɗiye shayin da ƙyar, na goge mata gefen baki.

“An ce a asibitinku yake. Ka nemo mini shi.”

“Me za ki ce masa, Mama?”

“Ba faɗa zan yi ba. So nake in tambaye shi ko shi ma yana da uwa.”

Ka ga alkawarina ya cika. Maganar da ba a saurara daga bakinka, an bi ta ba musu.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin matakan nan, ko ciwon kai ne, ko faɗuwa a kicin, ko hannun da ya daina ɗaukar kofi. Shi turawa kawai ya yi, kamar yadda aka turo masa. Ya ma rubuta wa mutum ɗari da arba’in cewa saƙon ƙarya ne, ya haɗa da shafin hukuma da kwanan wata, kuma har yau bai ji wanda ya tura gyaran gaba ba. Saƙon farko kuwa shekaranjiya ya sake dawowa, likitan ya zama farfesa. Idan wayar sito ta yi ƙara yanzu, mai rubutun yana ɗauka ya roƙi mai kira ya koma shan maganinsa ya je ya ga likitansa, sai dai yawanci ce masa suke yi su ba da mai sito za su yi magana ba.

Duk mai ƙorafi ya kai wa babban likita. Sai dai ya bi layi, Mama ce a gaba. Kullum na je yi mata gashin hannu sai ta tambaye ni ko an same shi, kullum sai in ce mata ana nan ana nema.