Yadda Clive Pargeter Ya Gyara Rawar Kakanni

"Ku ba ni shekara ɗaya kacal," in ji Clive Pargeter, yana buga kofinsa a kan teburin mashayar Garma. "Zan kai ƙungiyar nan babban dandalin bikin Agusta. Ranar zaɓe mai zuwa da kanku za ku roƙe ni in zarce."

Ba wanda ya musa. Dama shugabancin 'yan rawar morris na ƙauyen Hollowby, wato rawar gargajiyar Ingila ta hankici da sanda, abin gudu ne, don shugaba shi ke lallamar masu mashaya su ba da fili, shi ke bin sawun wanda bai wanke hankici ba. Nan take aka ɗaga hannu, kowa ya koma kan kofinsa.

Aboki, bari in gaya maka wane ne Clive. Shekara talatin ya yi a ofishin tsara hanyoyi yana zana wurin ajiye motoci, ya yi ritaya da tumbi da usur da cikakken yaƙinin cewa duk abin da bai bi ta hannunsa ba a karkace yake. Rawar kuwa wata goma sha takwas ke nan da ya fara. In ya yi tsalle sai ka ce buhun dankali aka jefo daga mota. Amma a ganinsa abin mamakin shi ne yadda mutum biyar ke haɗuwa su yi kuskure iri ɗaya a lokaci ɗaya.

Su goma ne a ƙungiyar, ban da Gwen Tibbs mai goge. Rawa kuma da mutum shida ake yin ta, ba ragi.

Gyaran farko, ya hana shan giya kafin rawa. A watan Afrilu suka fito ƙofar mashaya garau, fararen kaya tas, ƙararrawa a ƙwauri. Ana cikin kaɗa hankici sai tagwayen ƙungiyar, Barry da Keith Ollerton, suka hango kansu a gilashin taga. Shekara ashirin suna wannan abu, ba su taɓa ganin kamanninsu da idon da bai sha komai ba. Barry ya tambayi ɗan'uwansa ko dama haka suke, Keith ya ce da alama. Washegari suka koma ƙungiyar ƙauyen gaba. Clive ya ce ragwaye ne suka tafi, saura zaratan takwas.

Sai ga ɗaya ga Mayu, ranar da ake hawa tudu da asuba a yi rawa har rana ta fito. Clive ya lissafa, ya ga ɓarna ce: sanyi, raɓa, ga mai ɗaukar hoton jarida ba ya tashi kafin tara. Ya mai da rawar ƙarfe goma. Ya manta bai gaya wa mutanen gari ba. Suka hau tudu cikin duhu da butocin shayi, suka jira shiru, rana kuma ta fito abinta, lafiya lau, ba wanda ya kaɗa mata ko hankici ɗaya.

Tsoho Horace Dimmock ya zo har gida ya ajiye ƙararrawarsa a ƙofar Clive.

"Shekara arba'in da ɗaya ina gaya wa jikokina ni ke tashin rana," ya ce. "Yau a gaban idonsu ka tona min asiri."

Saura bakwai. Clive ya ce ai tsohon dama gwiwarsa ta ƙare.

Daga nan ya juya kan sandunan da ake karawa da juna a cikin rawa. Tsofaffin na itacen daji ne, kowace da irin karkacewarta, abin da ya tsaya masa a rai. Ya sayo sandunan mofar goge ɗaki iri ɗaya, ya shafa musu fenti mai ƙyalli. Gwen ta ce masa ba za su jure karo ba. Ya ce ta kula da gogenta, aikin injiniya ba na makaɗa ba ne. A bikin Yuni, karon farko, sanda uku suka tashi sama gutsi-gutsi, ta huɗu ta sulluɓe ta sami ɗan ƙungiyarsu Neville, likitan haƙorin gari, a ƙashin hannu. Saura shida cif, har da shi uban gayyar.

Gayyatar bikin Agusta ta zo dai, don motar wata ƙungiya ta lalace ana saura kwana biyu. Clive ya ce wasiƙu goma sha ɗaya da ya rubuta wa masu bikin ne suka yi aiki. Ya fito da wata sabuwar rawa da ya ƙirƙira, zane cike da kibiyoyi, wadda ya raɗa wa suna Shataletalen Pargeter. Mutanen suka duba takardar, suka dubi juna, suka ce to.

A dandali, gaban mutum ɗari biyar, Gwen ta ja tsohon kiɗan da aka saba, mutum biyar suka kama tsohuwar rawa. Clive ya tabbata tsoro ne ya sa suka manta, kuma aikin shugaba ne ya nuna hanya. Suna yin dama yana yin hagu. Suna durƙusawa yana sama. Ya busa usur, ya nuna da hannu kamar mai ba motoci hanya, ya yi karo da na gabansa, ya faɗi zaune, ya miƙe fuska a murtuke ya ci gaba da zagaya shataletalensa shi kaɗai. Jama'a har da masu riƙe ciki. Tafin da aka yi ya kai minti uku, Clive kuma ya karɓe shi duka, yana rusunawa.

Shugabar bikin, Misis Ainsworth, ta zo tana share hawayen dariya. Kowace ƙungiya, ka sani, tana da wawanta, mai shiga tsakanin 'yan rawa yana shirme da gangan, kuma gwanin gwanaye ake ba wa aikin. Ta ce ta ga wawaye da yawa, masu siket da masu fentin fuska, amma ba ta taɓa ganin wanda ya yi shi da kaya irin na sauran 'yan rawa, ko murmushi babu ba. Ta ce badi ma su dawo, da sharaɗin su zo da shi.

"Madam," in ji Clive, "ni ne shugaba."

Ta dafa kafaɗar Gwen don kada ta faɗi. "Ji shi, har yanzu bai fita daga wasan ba."

Ranar zaɓe mashayar Garma ta cika, waɗanda suka tafi duk sun dawo. Aka ba Horace shugabanci. Sannan aka kira sunan Clive, hannaye suka tashi gaba ɗaya, aka miƙa masa sandar wawa da busasshiyar mafitsarar alade a ɗaure a kanta. Ya juya ta, ya auna tsawonta da ido, ya fara cewa shi ma wannan aikin yana da 'yan shawarwari a kansa.

"A'a, Clive," Gwen ta ce a hankali. "Kada ka gyara komai. Ka dai ci gaba da yin iya ƙoƙarinka."