Ranar da Na Zama Gwaggon Biri a Gaban Manjo

Ko me zan manta a aikin koyarwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau tebur a aji biyar ba. Lokacin sojoji ke mulki, kuɗin mai sun buɗe wa gwamnati hannu, ni kuma ban daɗe da gama jami'a ba aka turo ni wata sakandaren maza a nan Sakkwato in koyar da ilimin halittu. Ga gashi tuli guda, ga wando mai faɗin ƙafa, ga takalmi mai tudu (in na tsaya gaban allo, ji nake kamar ni na ƙirƙiro kimiyya).

A shekarar ce ma'aikatar ilimi ta aiko mana da akwatunan kayan koyarwa. A ciki har da ƙoƙunan kai na roba: na gwaggon biri, na mutumin yau, da wasu da aka kwaikwayo daga tsoffin ƙasusuwan da masana suka tono a gabashin Afirka. Malam Bitrus, mutumin Zuru da ya daɗe yana koyar da darasin kafin zuwana, ya ba ni shawara in bi a hankali, in ce haka masana suka faɗa, in wuce. Na gode masa a baki, a zuci kuwa na ce tsohon yayi ne.

Ran nan na jera ƙoƙunan a kan tebur. Ban yi nisa da bayanin asalin ɗan'adam ba wani ɗalibi ya ɗaga hannu. "Malam, ke nan kakanmu biri na?"

Na ce ba haka masana suka ce ba. Cewa suka yi asali ɗaya aka haɗa can da nisa, kuma da suka gwada jinin mutum da na manyan birai sun ga kusanci a abin da ake gada. Sai na kifa ƙoƙunan na nuna musu ramin da ƙashin baya ke shiga. Na mutum yana tsakiya don a tsaye yake tafiya, na biri ya ja baya don a duƙe yake. Suka zuba mini ido kamar ina karanta musu lissafi da Sinanci.

Nan fa shaiɗanin burgewa ya zuga ni. Na ture ƙoƙunan gefe, na cire takalma, na haye tebur. Na dunƙule hannaye na dogara a kansu, na turo baki, na shiga kai da kawowa. Aji ya kaure da dariya. Daɗi ya kama ni, na ƙara da sosa haƙarƙari da gurnani (wannan ba ya cikin manhaja, ƙari ne daga aljihuna).

Can sai na ji tsit, yara duk sun miƙe. Ni a tunanina darasin ne ya ratsa su har suka tashi don girmamawa. Don haka na miƙe a kan gwiwa, na daki ƙirji da hannu bibbiyu, na saki wata kuwwa da na tabbata an ji ta har ɗakin girki.

Da na waiwaya, mutum uku ne a bakin ƙofa. Shugaban makaranta, da wani Manjo na soja da aka turo ya duba ko ana amfani da kayan da gwamnati ta saya, da wakilin iyayen yara. Wakilin nan kuwa Alhaji ne na kusa da Hubbare, baffan Hadiza, yarinyar da nake nema, kuma shi ne waliyyinta.

Manjo ya dube ni tun daga gashi har safa, sannan ya juya wajen shugaba ba ko murmushi. "Wannan ma yana cikin kayan da muka aiko?"

Ni dai na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Manjo ya ce in sauko in ƙarasa darasi, suna saurare. Haka na tsaya da safa, babban yatsa ya leƙo ta huda, na sake bayanin ramin ƙoƙon kai. Manjo ya karɓi na birin ya juya, ya shafa ƙeyarsa, ya ce aƙalla mu mun buɗe akwatunan. Alhaji kuwa carbinsa kawai yake ja. Suna fita na hango Malam Bitrus ta taga, ya dafa bango, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Na yi kwanaki ban bi ta unguwarsu Hadiza ba, na riga na sallama aure. Daga baya ta aiko cewa Baffa na nemana. Na sa babbar riga da hula, na durƙusa a zaure na ce, "Baba, barka da hutawa." Ya bar ni a durƙushe har gwiwa ta yi tsami, kana ya yi gyaran murya.

"Da ma muna shirin aikawa a binciko muna asalinka. To, ka hutasshe mu, mun gani da idonmu."

Dattawan da ke zauren suka yi dariya har da hawaye. A nan ya sa ranar aure, bisa sharaɗin ba a hawan tebur a gidansu.

Na ci gaba da koyar da darasin nan har na yi ritaya, ƙafafuna biyu a ƙasa kamar yadda ramin ƙoƙon kaina ya tanada. Abin da na koya shi ne, in aji mai hayaniya ya yi tsit farat ɗaya, ba iliminka ne ya ratsa su ba. Waiwaya tukuna.